Nazarin Lamari: Sauya Kantar Kicin da Dutse a Motar Tafi-da-Gidanka

Motar da wannan nazari ya shafa irin motocin nan ce na tafi-da-gidanka, masu gado da kicin da makewayi a ciki. Tsawonta ya kusa mita 7, kuma iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya amince ta kai, da ita da duk abin da ke cikinta, kilo 3,500 ne. Masu ita mata da miji ne da ke shafe watanni a kan hanya duk shekara, suna girki a cikinta safe da yamma. Abin da ya tayar da maganar gyara shi ne saman kantar kicin, wanda katako ne mara nauyi da aka lulluɓe da fallen Formica. Ruwa ya daɗe yana tsiyaya ta gefen sinki, katakon ya sha ya kumbura, fallen ya ɗaga a gindin famfo har ana iya zura farce a ƙarƙashinsa, ga kuma baƙin tabo a inda aka taɓa ɗora tukunya mai zafi. Sun zo da shawararsu a yanke: a cire katakon, a sa dutsen giranit mai kaurin santimita 3, irin wanda ke kicin ɗinsu na gida, wanda ya yi shekara da shekaru bai nuna ko ƙwarzane ba.

Buƙatar tasu tana da hujja, kuma bai dace a yi mata kallon son ƙawa kawai ba. Kicin ɗin mota ƙarami ne, kanta ɗaya ce ke ɗaukar yanka da wanke-wanke da ajiye tukunya, tururi kuma ba ya samun hanyar fita da sauri, sai ya kwanta a kan komai. Katakon da ake sa wa irin waɗannan motoci an zaɓe shi ne saboda rashin nauyinsa, kuma da zarar ruwa ya sami kafar shiga cikinsa, ba ya komawa yadda yake. Giranit kuwa taurinsa yana tsakanin 6 da 7 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, wato wuƙar kicin ba ta cin sa, ruwa ba ya kumbura shi, zafin tukunya ba ya ƙona shi. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne, kantar gida tana zaune ne a kan daɓen da ba ya motsi, wannan kuwa za ta ƙare rayuwarta tana gudu, tana shan birki, tana faɗawa ramuka, a cikin motar da doka ta ƙayyade wa nauyi.

Abin da sikeli ya nuna

Kafin a je wurin mai yankan dutse, an fara da awo. Kantar mai kusurwa ce: dogon hannu mai tsawon santimita 160 da faɗin 60, da gajeren hannu mai santimita 50 da 45. Jimillar fuskarta ta kusa murabba'in mita 1.2, idan kuma aka cire ramin sinki da na murhun gas, sai ya rage kusan 0.9. Kowane murabba'in mita na giranit mai kaurin santimita 3 yana da nauyin kusan kilo 81, mai santimita 2 kuma kusan kilo 54, saboda haka kantar da suke so za ta kai kilo 73, ƙanwarta mai santimita 2 kuma kilo 49. Tsohon katakon, wanda daga baya aka ɗora a sikeli bayan an cire shi, bai wuce kilo 9 ba. Bayan wannan akwai wani nauyin da ba a cika tunawa da shi ba: kabad ɗin da ke ƙarƙashin kantar an yi shi ne da siririn filawud, kuma kafin ya iya riƙe dutse sai an ƙara masa ginshiƙai da maɗaurai, waɗanda kafinta ya ƙiyasta za su kai kilo 10.

Mai motar ya ga ƙarin kilo 70 da 'yan kai ba wani abu ba ne ga motar da ta haura tan uku, ya ce ai nauyin fasinja ɗaya ne. Haka ne, amma abin tambaya shi ne ko motar tana da sauran gurbin wannan fasinjan. Don a sami amsa, aka loda ta kamar yadda suke lodawa idan za su yi doguwar tafiya, tankin ruwa a cike, tankin mai a cike, tukwanen gas, kekuna biyu a baya, tufafi da kayan abinci, su biyun kuma suna zaune a ciki, aka hau da ita sikelin auna manyan motoci. An auna ta gaba ɗaya, sannan aka auna aksil na gaba, wato nauyin da ke kan tayoyin gaba, daban, na baya daban. Jimilla ta nuna kilo 3,440, na gaba 1,490, na baya 1,950. A jikin ɗan allon ƙarfen da kamfani ya manna wa motar kuwa an rubuta iyakar aksil na gaba kilo 1,850, na baya 2,000. Ke nan abin da ya rage wa motar gaba ɗaya kilo 60 ne, wanda ya rage wa aksil na baya kuma kilo 50.

Wannan ƙarancin ba baƙon abu ba ne. A ƙasashen Turai lasisin tuƙi na rukunin B, wato na ƙananan motoci, a mafi yawan lokuta bai yarda mutum ya tuƙa motar da ta wuce kilo 3,500 ba, shi ya sa kamfanoni ke cusa gida guda a ƙarƙashin wannan adadi, su bar wa mai saye ɗan abin da ya samu. Nauyin da ake rubutawa a takardar talla ya ƙunshi direba mai kilo 75 da man da ya cika kashi 90 cikin 100 na tanki, kuma ƙa'ida ta ba da damar ainihin nauyin ya bambanta da na takarda da kashi 5 cikin 100, wanda a motar tan uku ya kai kilo 150. Rumfar gefe da farantan sola da batir na biyu da maɗaurin kekuna duk daga baya ake ƙara su, kuma kowanne yana cin rabonsa ba tare da mai mota ya ji a jikinsa ba.

Sai kuma maganar inda nauyin zai zauna. Tazarar da ke tsakanin aksil na gaba da na baya mita 4 ce, tsakiyar kantar kuma tana bayan aksil na baya da kusan santimita 40. Duk kayan da aka ɗora a bayan aksil na baya suna danna shi da fiye da nauyinsu, suna kuma ɗan ɗage gaban motar: a wannan wuri kowane kilo 10 yana sauka a aksil na baya a matsayin kilo 11. Da aka buga lissafin, giranit mai santimita 3 da ƙarfafa kabad za su ƙara kilo 74, jimilla ta koma 3,514, aksil na baya ya koma 2,031, duka biyun sun tsallake iyaka. Mai santimita 2 zai ƙara kilo 50, jimilla ta tsaya a 3,490, wanda a ido ya tsira, amma aksil na baya zai kai 2,005. Wanda ya auna jimilla kawai zai koma gida da murna alhali motarsa ta wuce ƙa'ida. Akwai kuma taya: waɗanda ke motar suna ɗauke da lambar ɗaukar kaya 109, wato kilo 1,030 kowace, kicin da firji kuwa duk a gefe ɗaya suke, don haka babu dalilin zaton nauyin ya rabu daidai tsakanin tayar hagu da ta dama. Tayar da aka yi wa lodi fiye da kima zafi take ɗauka a doguwar hanya, kuma ba ta cika yin gargaɗi kafin ta fashe ba.

Mai motar ya kawo mafita biyu. Ta farko, su riƙa tafiya da rabin tankin ruwa, tunda lita 100 yake ci, kowace lita kuma kilo ɗaya ce. Dabarar halastacciya ce, masu irin waɗannan motoci da yawa suna yin ta, sai dai tankin wannan motar yana ƙarƙashin kujerar tsakiya ne, saboda haka wani kaso na sauƙin aksil na gaba zai tafi, wanda dama ba shi da matsala. Ban da haka, a ganina gyaran da ingancinsa ya rataya a kan mutum ya tuna da zubar da ruwa duk ranar da zai tashi, gyara ne mai rauni, domin ranar da za a fi buƙatar cikakken tanki ita ce ranar shiga wurin da babu famfo, inda hanya ta fi muni. Ta biyu, a sake yi wa motar rajista a nauyi mafi girma. Wannan yana yiwuwa ga wasu motoci, amma a Turai yana buƙatar lasisin rukunin C1, kuma a ƙasashe da dama yana sauya iyakar gudu da kuɗin hanya. Ba su ga hikimar ɗaukar wannan ɗawainiya saboda kantar kicin ba.

Dutse a cikin jikin da ke murɗawa

Ko da a ce nauyi bai hana ba, da sauran rina a kaba. Dutse yana jure dannawa ƙwarai, amma lanƙwasawa ce ajalinsa: ƙarfin giranit wajen jure lanƙwasa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen jure danniya ba. A gida wannan ba ya zama matsala, domin da zarar an daidaita kabad sau ɗaya, haka zai zauna. Jikin mota kuwa yana murɗawa duk lokacin da taya ɗaya ta hau tudu ko ta faɗa rami, kuma masu motar sun san haka ba tare da sun lura ba, domin akwai ƙofar kabad ɗaya da ke ƙin rufuwa duk sa'ad da suka yi fakin a wurin da ba shi da daidaito.

An gwada abin a gabansu bayan an cire tsohuwar kantar. Aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakin kabad ɗin motar tana tsaye a shimfiɗaɗɗen siminti, ƙarfen ya kwanta lif daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sannan aka hau da tayar baya ɗaya kan katako mai tudun kusan santimita 10, aka sake ɗora ƙarfen, sai ga haske yana ratsawa ta ƙarƙashinsa a ƙarshen da ke kusa da ƙofa, har katin roba ya shige ba tare da an tura shi da ƙarfi ba. Wannan 'yar tazara ba komai ba ce ga katako, lanƙwasawa zai yi ya dawo. Ga dutsen da aka manne ƙam da kabad kuwa, ita ce mafarin tsagewa, kamar tayil ɗin da aka shimfiɗa a kan ƙasar da ba a daddale ba.

Kantar mota ta fi ta gida rauni ta wani fannin kuma, domin ramuka biyu sun cinye yawancin jikinta. A wannan motar abin da ya rage a gaban sinki santimita 6 ne kawai, tsakanin sinki da murhu kuma santimita 8. Waɗannan siraran gadoji su ne inda dutse ke karyewa ko a gida, wani lokaci ma tun a hannun masu ɗauko shi. Masu aikin dutse suna ƙarfafa su ta hanyar tsaga ƙarƙashinsu, su binne sanda a cikin gam ɗin ifoksi, amma idan sandar ta baƙin ƙarfe ce kuma ruwa ya kai gare ta, tsatsa takan kumbura ta har ta fasa dutsen daga ciki, shi ya sa aka fi son sandar zaren gilashi ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Kusurwoyin ramukan ma dole a zagaye su, domin kusurwa mai kaifi ita ke tara ƙarfi wuri guda, tsaga kuma daga nan take farawa.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci a duk wannan lamari shi ne birki da haɗari. A gida nauyin dutse ne ke riƙe shi, sai 'yan ɗigon silikon da ake sawa don kada ya zame. A mota nauyin nan shi ne abin tsoro. Ƙa'idar Turai ta ɗaure kaya a manyan motoci, EN 12195-1, tana ɗaukar cewa a birki mai tsanani kaya suna tunkuɗowa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu. A gwajin karo kuwa, wanda ake yi wa kujerun mota, ana amfani da ƙarfin da ya kai ninki 20 na nauyi. Dutse mai kilo 73 a irin wannan hali zai finciki maɗauransa da ƙarfin da ya kusa tan ɗaya da rabi, alhali kabad ɗin da yake kai 'yan ƙananan sukurori ne ke riƙe da shi a jikin bango mai laushi, kuma babu abin da ke tsakaninsa da bayan kujerar direba sai 'yar hanyar wucewa. A nan ne uwargidan, wadda da ma ita ta fi son dutsen, ta ce a nemo wata hanyar.

Zaɓin da aka duba

Mabul ya fita tun da wuri. Nauyinsa ɗaya da na giranit, ya fi shi laushi nesa ba kusa ba, kuma tsami yana cin sa: an ɗiga ruwan lemun tsami a kan wani guntu, bayan 'yan mintoci aka goge, wurin ya dushe ya bar tambari. Dutsen kwaz na haɗi, wanda kusan kashi 90 cikin 100 nasa niƙaƙƙen kwaz ne sauran kuma danƙon roba, ba ya shan ruwa kuma ya fi giranit jure lanƙwasa, amma mai santimita 2 zai kai kusan kilo 43 a wannan kanta, wato bai warware matsalar nauyi ba. Danƙon da ke cikinsa kuma ba ya son zafin da ya kai digiri 150, hasken rana yana sauya masa launi a hankali, kantar kuwa a gindin taga take. Akwai kuma batun lafiyar masu yanka shi: ƙurar silika da yake fitarwa tana haddasa cutar huhu ta silikosis, har Ostireliya ta haramta amfani da shi daga 1 ga Yuli, 2024. Giranit ma yana da silika, don haka kowane dutse aka zaɓa, da ruwa ake yanka shi a shagon da aka tanada, ba a cikin mota da giranda ba.

Corian, wani allo na haɗin roba da garin ma'adini wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960, shi ne abin da ni kaina zan fara ba kowa shawara a kai. Mai kaurin milimita 12 yana da nauyin kusan kilo 21 a murabba'in mita, yana ɗan lanƙwasawa, ana haɗa shi ba tare da alamar haɗi ba, idan ya ƙwarzane kuma ana goge shi ya dawo, shi ya sa ake yawan ganin irinsa a manyan motocin zama da jiragen ruwa. Amma ba dutse ba ne, hannu yana gane haka da taɓawa ɗaya, kuma tukunya mai zafi tana yi masa illa. Masu motar sun ƙi shi, kuma haƙƙinsu ne. An duba gasasshen dutse irin su Dekton na kamfanin Cosentino da ke Sifen, wanda ya shigo kasuwa a 2013. Wannan ba ya tsoron wuta ko rana, mai milimita 12 zai kai kusan kilo 27 a nan, sai dai yana da gautsi a bakinsa kuma yana buƙatar mazauni mai daidaito sosai, abin da gwajin ƙarfen nan ya riga ya nuna motar ba za ta iya ba shi ba.

Abin da aka tsaya a kai shi ne siririn fallen giranit na gaske mai kaurin milimita 5, wanda aka manne a kan allon alminiyom mai kaurin milimita 15 da cikinsa yake kamar saƙar zuma. Irin wannan allo ake amfani da shi a jiragen ruwa na alfarma da ɗakunan lif, inda ake son fuskar dutse ba tare da nauyinsa ba. Alminiyom ɗin ne ke ɗaukar lanƙwasa, dutsen kuma yana fuskantar wuƙa da ruwa. Kantar gaba ɗaya ta tsaya a kusan kilo 17. Ya fi dutse zalla tsada, masu iya aikinsa ba su da yawa, kuma an gaya wa masu motar tun farko cewa yana da nasa aibin, wanda za a zo kansa.

Yadda aka yi aikin

An rufe gas daga tukunya, ma'aikacin gas mai izini ya kwance murhun, aka cire sinki da famfo. Da aka ɗaga tsohuwar kantar sai aka tarar ruwan bai tsaya a kanta ba: katakon da ke tallafe da gaban sinki ya yi baƙi, yatsa na nutsewa a cikinsa, kuma asalin yoyon daga wani haɗin bututu ne a gindin famfo. Da an ɗora sabuwar kanta a haka, da ruɓewar ta ci gaba a ɓoye a ƙarƙashin dutse mai sheƙi. An sauya katakon, an gyara bututun, an kuma ƙara maɗauran ƙarfe huɗu da suka haɗa kabad ɗin da daɓen motar ta wuraren da ke da ƙashi, maimakon dogaro da bango.

Wajen ɗaukar samfuri an yi taka-tsantsan da abu ɗaya da mai aikin gida ba zai yi tunaninsa ba. An ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, tana tsaye a kan tayoyinta, babu jak babu katakon daidaitawa, domin samfurin da aka ɗauka jiki yana murɗe zai fitar da kantar da ba za ta zauna ba idan jikin ya saki. Bangon mota kuma ba miƙaƙƙe ba ne, don haka da siraran filawud aka bi lanƙwasarsa aka manne su, aka kuma bar tazarar milimita 3 tsakanin kanta da kowane bango, wadda daga baya aka cike da silikon. An yanka kantar gida biyu, dogon hannu daban, gajere daban, saboda kabad biyu ne a ƙarƙashinsu, kuma ƙofar motar ma ba za ta shigar da ita a haɗe ba.

Gefunan allon sun ci aiki fiye da fuskarsa. Duk inda aka yanka, ramukan saƙar zumar suna bayyana, don haka a bakin gaba aka manna siririn giranit da aka yanka a karkace don ya haɗu da na sama, har mai kallo ya ɗauka dutse ne mai kauri. A kewayen ramin sinki da na murhu an ƙwaƙule saƙar an cike gurbin da ifoksi, domin ruwa kada ya shiga, kuma domin maƙallan sinki su sami abu mai tauri da za su matse, in ba haka ba alminiyom ɗin zai loɓa. Ramin famfo ma haka aka yi masa. A ƙarƙashin allon an dasa mazaunan noti guda takwas, ta yadda kantar take ɗaure da kabad da ƙarfe, ba da gam kaɗai ba, sannan aka shimfiɗa gam mai taushi a tsakaninsu don ya shanye girgiza. An kauce wa silikon mai warin tsami, saboda yakan bar tabo a dutsen halitta, aka yi amfani da wanda aka yi domin dutse. Kaurin santimita 2 ya zo daidai da abin da maƙallan murhu da zaren famfo za su iya kamawa, wanda da dutse mai santimita 3 ne da sai an sauya su, murfin gilashin murhun ma da ya riƙa bugun firam ɗin taga. Bayan an mayar da murhun, ma'aikacin gas ya gwada layin da ma'aunin matsi ya tabbatar babu yoyo kafin a kunna wuta.

Abin da ya biyo baya

An sake hawa sikeli da irin lodin farko. Sabuwar kantar da maɗauranta sun kai kilo 21, ƙarin kilo 12 ke nan a kan tsohuwar, jimilla ta nuna 3,452, aksil na baya kuma 1,963.

Matsala ɗaya ta fito a tafiyarsu ta farko mai nisa. Wani siririn layi ya buɗe a mahaɗar dogon hannu da gajere, ruwa ya fara taruwa a ciki. Da aka bincika, dutsen lafiyarsa ƙalau, gam ɗin mahaɗar ne ya tsage. Mai aikin dutsen ya cike wurin ne da ifoksi mai launin dutse, kamar yadda ya saba yi a gidaje don a ɓoye haɗi, alhali kabad biyun da ke ƙasa kowanne motsinsa daban. An ƙwaƙule ifoksin, aka buɗe mahaɗar zuwa milimita 2, aka cike ta da silikon mai launi kusa da na dutsen. Yanzu ana ganin layin idan an duba, kuma uwargidan ba ta ji daɗin hakan ba da farko, amma bai sake buɗewa ba. Gara da gam ɗin ya tsage, domin da ya fi haka ƙarfi, da ƙarfin murɗawar ya nemi hanya ta siririyar gadar da ke gaban sinki.

Aibin da aka faɗa musu tun farko shi ma ya bayyana. Wata tukunyar ƙarfe ta zamo daga kabad na sama ta bugi bakin kantar, ɗan guntu kamar ƙwayar wake ya ɓalle. An cike shi da ifoksi mai launi, amma dutse mai milimita 5 ba shi da naman da za a goge a sake fitar da baki kamar mai kauri. Haka kuma, ko da yake giranit ɗin kansa ba ya jin zafi, gam ɗin da ya haɗa shi da alminiyom yana kusa da fuska, saboda haka har yanzu sai sun sa matashi kafin su sauke tukunya daga wuta, wanda yana cikin abubuwan da suka so rabuwa da su. Giranit kuma yana da ƙananan ƙofofi da ke shan mai, don haka ana shafa masa maganin toshewa lokaci zuwa lokaci: idan aka ɗiga ruwa ya tsaya a dunƙule, maganin yana nan, idan wurin ya yi duhu, lokacin sabuntawa ya yi. An kuma sa musu a jerin binciken shekara su duba silikon na kewayen sinki, su taɓa notocin nan takwas su ji ko girgiza ta sassauta su.

Daga baya mai motar ya nemi a yi wa teburin cin abinci irin wannan dutsen don su dace da kantar. An ba shi shawarar ya bari, ya kuma bari. Teburin a kan ƙafa ɗaya yake, yana zamewa gaba da baya a kan layin ƙarfe, ana sauke shi da dare ya zama gado, kuma yana tsaye ne daf da gaban kujeru biyu masu bel inda jikokinsu ke zama idan sun bi su tafiya.